Kunshin kayan shan mate na Ajantina: ƙoƙon ya yi kyau, amma duba bututun tukuna

A kantunan tsaraba na Buenos Aires, musamman kasuwar Lahadi ta titin Defensa a unguwar San Telmo, abin da aka fi tallata wa baƙo shi ne kunshin kayan shan mate, wani jiƙon ganye mai kama da shayi da ake zuƙa da bututu. A ciki akwai ƙoƙo da aka lulluɓe da fata, da bututun ƙarfe da suke kira bombiya, da filas mai cin lita ɗaya, da gwangwani biyu na ganye da sukari, sai jakar ratayawa da ke ɗauke su duka. Wani mai shagon har yakan ɗora ƙullin ganye rabin kilo a matsayin gyara. Hukuncinmu a kan yawancin irin wannan kunshi shi ne ƙoƙon ya cinye kuɗin, an yi ƙwauro a wajen bombiya da filas, alhali su biyun ne za su sa mutum ya ci gaba da shan mate ko ya jefa kayan a kabad bayan mako guda.

Mate jiƙon ganyen wata bishiya ce da ake kira yerba, wadda ake nomawa a lardin Misiones da arewa maso gabashin Corrientes, can kusa da iyakar Paraguay da Birazil. Ƙabilar Guarani ce ta fara shan sa, daga baya limaman Katolika 'yan ɗariƙar Jesuit suka mayar da shi abin nomawa a ƙarni na 17, kafin Sifaniya ta kore su a 1767. A yau duk ɗan Ajantina yana shanye kimanin kilo 6 na ganyen a shekara, kuma tun 2013 doka ta ayyana mate a matsayin abin jiƙo na ƙasa. Ana shan sa a ofis da aji da bakin teku da cikin motar tafiya mai nisa. Saboda haka kayan mate kayan aiki ne na yau da kullum, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna su.

Ba a gane ingancin kayan sai an san yadda ake haɗawa, don kowane mataki yana gwada wani abu daga cikinsu. A zuba ganye ya kai kashi biyu cikin uku na ƙoƙon, wato giram 30 zuwa 50 gwargwadon girmansa. A rufe bakin da tafin hannu, a kife, a girgiza sau uku ko huɗu. Garin ganyen zai manne a tafin hannu ko ya taso sama, manyan ganye da tsinkaye su koma ƙasa inda matacin bombiya zai zauna. Sai a dawo da ƙoƙon a karkace, ganyen ya jingina da gefe guda ya yi tudu, ɗaya gefen ya zama rami. A cikin ramin ake zuba ruwan ɗumi kaɗan, wanda yatsa zai iya jurewa, a bar shi minti ɗaya ko biyu ganyen ƙasa ya sha ya kumbura. Bayan nan a toshe bakin bombiya da babban yatsa, a soka ta cikin ramin har ta taɓa gindi, a ɗan tokare ta ƙarƙashin tudun. Daga nan an gama da motsa ta. Ruwan zafi mai digiri 70 zuwa 80 shi ake zubawa a hankali kusa da bututun, kuma saman tudun ya zauna a bushe. Busasshen nan shi ne ajiya: duk sanda ɗanɗano ya fara raguwa sai a ɗan matsar da ruwan kusa da shi. Wanda ya iya, zubi ɗaya na ganye yakan kai shi ƙarshen lita guda. Wanda ya malale ganyen duka da ruwa tun farko, zai sha ɗaci mai tsanani a zubi uku na farko, sannan komai ya zama lami, tsinkaye su taso suna yawo a saman ruwa.

Bombiyar da ake sakawa a kunshi mai araha yawanci siririn ƙarfe ce da aka shafa wa ruwan ƙyalli. Ana gane ta da rashin nauyi a hannu, da layin ɗinki a tsawonta, da mataci mai ramuka 'yan kaɗan manya-manya. Illarta uku ce. Tana ɗaukar zafi nan take ta ƙona leɓe. Manyan ramukan suna barin gari ya wuce zuwa baki, ƙanƙancin adadinsu kuma yana sa su toshe da wuri. Bayan 'yan watanni shafen yakan ɓare, ƙarfen ƙasa ya fara tsatsa ta ciki inda ido ba ya gani, mate ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe. Wadda ta cancanci saye iri biyu ce: ta ƙarfen da ba ya tsatsa mai kauri, ko ta alpaka, wani haɗin jan ƙarfe da nikel da zinki mai kama da azurfa. Alpaka ta fi daɗi a baki kuma maƙeran Ajantina sun daɗe suna aiki da ita, sai dai takan dushe ta buƙaci gogewa, kuma mai ƙaiƙayin nikel ya kauce mata.

Siffar matacin ma abin dubawa ce. Mai faɗi kamar cokali, da ƙananan ramuka masu yawa, ita ce ta fi dacewa da kowane irin ganye, kuma faɗin nata yana taimakawa wajen gyara tudun idan ya zube. Mai waya a naɗe tana aiki da ganye mai manyan yanka, tana da sauƙin wankewa tunda wayar na fita, amma da ganye mai gari sai ta riƙa zuƙo ƙura. Bakin da aka lanƙwasa aka ɗan baje shi ya fi zagayayye, don mutum ba sai ya sunkuyar da kai ko ya karkata ƙoƙon ba, kuma karkata ƙoƙo shi ke rushe tudu. In akwai mai matacin da ake kwancewa, a ɗauke ta. Wanda ya taɓa buɗe tsohuwar bombiya ya ga baƙin dattin da ke taruwa a ciki ya san dalili. Ko wacce iri ce, sau ɗaya a wata a dafa ta minti goma a ruwa da cokali ɗaya na bekin soda, a bi cikinta da siririn burushi.

Filas na biye. Abin da ake nema a filas ɗin mate ya bambanta da na shayi, domin ba sau ɗaya ake tsiyayewa ba, sau ashirin ko fiye ake zubawa kaɗan-kaɗan cikin awa guda ko biyu. Dole murfin ya kasance mai ɗan hanci da ke fitar da ruwa siriri, wanda za a iya auna shi daidai gindin bombiya. Filas mai faɗin baki yana kwararo ruwa ya jiƙe tudun gaba ɗaya, kuma duk buɗewa zafi na gudu. Na cikin kunshi mai araha yakan zo da murfin roba da ke ɗiga ta gefe, ruwan kuma ya huce kafin a kai rabi. Gwajinsa mai sauƙi ne: a cika shi da ruwan zafi, a rufe, a jira minti goma a taɓa jikinsa. In bayansa ya yi ɗumi, zafin yana fita, a mayar wa mai shi. Lumilagro, kamfanin ƙasar da aka sani da filas mai kwalba a ciki, yana riƙe zafi sosai kuma kuɗinsa da sauƙi, illar kwalba dai ita ce faɗuwa ɗaya ta isa. Stanley na ƙarfe ya zama abin yayi a 'yan shekarun nan, yana jure wahala, amma yana da tsada, jabunsa kuma sun cika kasuwa, sannan a tabbatar an sayi mai murfin zuba mate. Dabarar da ke ƙara wa kowane filas ƙarfi ita ce a fara ɗauraye cikinsa da ruwan zafi kafin a cika.

Zancen zafin ruwa ba fitina ba ce ta masu tsanani. Tafasasshen ruwa yana ƙona ganye, ya fitar da ɗacinsa duka lokaci guda, mate ya mutu da wuri. Shi ya sa butocin lantarki da ake sayarwa a Ajantina suke da maɓalli na musamman da ke tsayar da ruwa kafin ya tafasa, gidajen mai a manyan hanyoyi kuma suke da injin ruwan zafi na cika filas. Wanda ke amfani da butar kan wuta, ya sauke ta da zarar ƙananan kumfa sun fara taruwa a gindi buta ta fara ƙara. Akwai kuma batun lafiya. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji na hanyar abinci, kuma zafin ta ɗora wa laifin. Bombiya tana kai ruwa can cikin baki kai tsaye ba tare da ya sha iska ba, don haka gara a tsaya wajen digiri 70, a ɗan jira kaɗan bayan an zuba.

Ƙoƙon shi ne abin da ke jan ido, kuma gaskiya masu aikin hannu na ƙasar sun iya. Ana yin sa da ɗan duma, a lulluɓe da fatar saniya, a ɗinke da zare mai kauri, a sa masa zoben ƙarfe a baki. Siffofi uku aka fi gani. Kamiyonero yana da faɗin baki, shi ya fi sauƙi ga ɗan koyo saboda akwai filin gina tudu. Torpedo bakinsa a tsuke yake, yana riƙe zafi amma gyara ganye a ciki sai gwani. Imperiyal shi ne mai faffaɗan zobe da zane, shi ne kuma mafi tsada. Kafin a biya a leƙa ciki da fitilar waya: a nemi tsaga, a duba ko gam ya zubo ta ƙarƙashin zoben, a danna bangon a ji kaurinsa. A ajiye shi a kan tebur a ga ko yana tsayawa da kansa, don ƙoƙon da ke tangaɗi da ruwan zafi a ciki masifa ce.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne ƙoƙon duma sabo ba a shan mate da shi sai an hore shi. A cika shi da jiƙaƙƙen ganyen da aka riga aka sha, a ƙara ruwan zafi har ya kusa zoben, a bar shi awa 24. Sai a zubar, a kankare cikin da cokali, wata laushin ɓawo mai ɗaci za ta riƙa fita. A maimaita sau biyu ko uku har cokali ya daina kamo komai. A tsakiyar gindin akwai ɗan tudu inda furen duman yake, kada a kankare shi da ƙarfi, nan ne ake huda ƙoƙo ya fara yoyo. Bayan horo cikin zai koma kore mai duhu, wannan rinin ganye ne kuma ba matsala. Fumfuna daban take: fara ce ko toka-toka, mai gashi-gashi, da warin rima. Abin da ke kawo ta guda ne, barin jiƙaƙƙen ganye ya kwana, ko kife ƙoƙon a jiƙe. Ana gama sha a kwashe ganyen, a ɗauraye da ruwa zalla ba sabulu, a goge da takarda, a kwantar da shi a gefe inda iska ke shiga. Wanda ke zaune a wuri mai laima, ko wanda ba zai sha kullum ba, duma zai ba shi wahala.

Na katako, irin na algarrobo ko palo santo, yana da ƙamshi amma yakan tsage in ya bushe da yawa, shi ya sa ake shafe cikinsa da mai kafin fara amfani. Ƙamshin palo santo yana da ƙarfi har ya danne na ganyen. Na gilashi ko tangaran da aka sa wa rigar fata, da na ƙarfe mai bango biyu, ba sa buƙatar horo, ba sa fumfuna, ana wanke su da sabulu. Masu riƙon gargajiya suna raina su, suna cewa tsohon duma yana ƙara wa mate wani ɗanɗano, kuma akwai gaskiya a ciki. Duk da haka ga mai farawa, mu na ƙarfe ko gilashi muke ba da shawara.

Sai ganyen, wanda kunshi ke sakawa kamar abin cike gurbi alhali shi ne abin sha. Bayan an yanko rassan, cikin kwana guda ake wuce da su ta harshen wuta na 'yan daƙiƙoƙi don kada ganyen ya yi baƙi, sannan a busar, a farfasa, a zuba a buhuna a ajiye. Ajiyar gargajiya takan ɗauki wata tara zuwa shekara biyu, ta gaggawa a ɗakuna masu zafi kuma wata ɗaya zuwa biyu. Wanda ya daɗe a ajiye launinsa ya fi karkata zuwa rawaya kuma ɗacinsa ya fi laushi. A jikin ƙulli a nemi kalma biyu. In an rubuta "con palo", mai tsinkaye ne, dokar abinci ta ƙasar ta yarda tsinkayen su kai kashi 35 cikin 100. In an rubuta "despalada", tsinkayen ba su wuce kashi 10 ba, kuma ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsinkaye ba algus ba ne, suna sassauta ɗaci kuma suna buɗe wa ruwa hanya.

Cikin nau'o'in ganyen da ake sayarwa, Playadito, na ƙungiyar manoma ta Colonia Liebig a Corrientes, shi ne mafi sauƙin shiga ga sabon baki: ɗacinsa kaɗan, garinsa kaɗan, sai dai yana saurin salancewa. Unión ma haka yake da laushi. Taragüi, wanda kamfanin Las Marías na garin Gobernador Virasoro ke yi tare da Unión ɗin, ya fi su kauri da bauri. Rosamonte daga Apóstoles a Misiones yana da ƙarfi kuma yana jure ruwa, ya dace da wanda ya saba. Cruz de Malta da Amanda suna tsaka-tsaki. Wanda aka rubuta wa "barbacuá" an busar da shi ne a kan hayaƙin itace, ƙamshin hayaƙin yana fitowa sosai, wasu na so wasu ba sa iya shanye ƙoƙo ɗaya. CBSé yana haɗa ganyen da na'ana'a da wasu ganyayen tsaunuka ko ɓawon lemo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sayen ganye irin na Uruguay, kamar Canarias, wanda kusan gari ne zalla babu tsinkaye, a haɗa shi da bombiya mai manyan ramuka. Zuƙa biyu ta toshe, mutum ya ɗauka shi ne bai iya ba. Wani abin da bai kamata ya ba da mamaki ba shi ne ganin rubutun Larabci a jikin wasu ƙulli irin su Piporé: Siriya ce babbar mai sayen yerba daga Ajantina, al'adar da 'yan ci-rani suka koma da ita gida.

Kunshin yana zuwa da bombiya ɗaya ne saboda haka ake sha. Mutum guda ke riƙe filas, shi ke haɗawa, shi ke shanye zubin farko wanda ya fi ɗaci da gari. Sai ya sake cikawa ya miƙa wa na kusa, bututun yana fuskantar mai karɓa. Wanda aka miƙa wa ya shanye duka har bututun ya yi ƙara, ya mayar wa mai zubawa, ba na gefensa ba. Ba a juya bombiya, ba a riƙe ƙoƙo ana dogon labari. Kalmar godiya kuma ana ajiye ta sai an ƙoshi, domin duk wanda ya ce "gracias" ya fita daga zagayen ke nan. Annobar korona ta 2020 ta sa mutane da yawa suka koma kowa da nasa, kuma har yanzu ba wanda zai ga laifin baƙon da ya ce ya fi son nasa ƙoƙon. Mai sayen kunshi don gida ya ƙara bombiya ta biyu. Gwangwanin sukari kuwa ya danganta da mai sha, amma in za a sha da zaƙi a ware masa ƙoƙo daban, don duma yana riƙe sukari kuma yana jawo fumfuna.

Da yamma ana haɗa mate da ɗan abin taɓawa: biskit mai gishiri da ake yi da kitse, ko soyayyen fulawa da suke kira torta frita wanda al'ada ta haɗa da ranar ruwan sama, ko chipá na garin rogo da cuku a arewa maso gabas. Mai kiyaye abin da yake ci ya duba jikin leda, "grasa vacuna" kitsen saniya ne, "grasa de cerdo" na alade. Mate yana da sinadarin kafeyin kamar kofi, kuma da yake lita guda ake sha a zama ɗaya, wanda ya fara bayan magariba zai iya kwana idonsa biyu.

Farashi a peso ba ya zama wuri ɗaya, a 2023 kaɗai hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 200 cikin 100, don haka a kwatanta kantuna a rana guda. Ganye dai a babban kantin unguwa ake sayensa, inda 'yan gari ke saye, can ya fi araha kuma ya fi sabunta. Filas a shagon kayan gida. Bombiya da ƙoƙo a wajen masu sana'ar, kamar kasuwar Mataderos ta ranar Lahadi, ko garin San Antonio de Areco da ya shahara da maƙeran azurfa. Kunshin da aka riga aka haɗa ya dace da wanda zai kai tsaraba a ajiye a kan kanta, kuma jakar fatar da ke cikinsa sau da yawa tana da kyau, in dai tana da maɗaurin da ke hana filas faɗuwa. Wanda zai sha da gaske ya sayi kayan ɗaiɗai: bombiya mai matacin cokali ta ƙarfe mai kauri, filas mai siririn hanci, ƙoƙo mai faɗin baki na gilashi ko ƙarfe, da rabin kilo na ganye mai tsinkaye mai laushi. Rabin kilo zai ba shi haɗi goma zuwa sha biyar, wanda ya isa hannu ya koyi gina tudu kafin a kashe kuɗi a kan imperiyal.